Sulken Waya: Tarihin Gurnanin da Ke Bin Sauti a Gidajen Hausawa

Hanyar da ta tashi daga Katsina ta bi ta Jibiya, ta ratsa yankin Mazanya da Magama, ta tsallaka Ɗan Isa ta miƙe zuwa Maraɗi, ba ta cika kilomita ɗari ba. Mutanen gefe biyun harshensu ɗaya, auratayya ta cuɗa su, kuma har yau sarkin da ke Maraɗi Sarkin Katsina ake ce masa, tun da can ne sarakunan Haɓe suka koma bayan jihadi. Duk da haka, wanda ya sayo rediyo ko amfilifaya daga wancan gefe ya kawo wannan, a bangon ɗakinsa zai gane cewa ya ƙetare iyaka. Filogin da ke kan wayar na'urar ƙafafu biyu gare shi zagayayyu, irin na Faransa, soket ɗin bango kuwa ramuka uku ne masu kusurwa, irin na Ingila. Dabarar kowa ya san ta: a sa murfin biro a danna ramin sama, ƙananan ƙofofin su buɗe, a cusa ƙafafun da ƙarfi. Na'ura ta kama, kiɗa ya tashi. Idan kiɗan ya tsaya kuwa, sau da yawa akan ji wani gurnani mai kauri yana fita daga sifika, ba ya hawa ba ya sauka, kamar ƙudan zuma a cikin tulu.

Wannan gurnani muryar wutar lantarki ce da kanta. Wutar gida, a Najeriya da Nijar baki ɗaya, tana kaiwa da komowa sau 50 a kowane sakan, kunnen mutum kuwa yana fara ji tun daga wajen sau 20, saboda haka duk lokacin da ta samu kafar shiga layin sauti sai an ji ta. A Amurka sau 60 take yi, gurnaninsu ya ɗan fi sirantaka. Kowace wayar sauti a cikin gida aiki biyu ke kanta, ta kai saƙo, ta kuma tsare ƙofa. An ɗauki fiye da shekara ɗari ana koyon na biyun, kuma abin da aka koya a Landan da New York ya iso ƙasar Hausa ya tarar da irin tata wutar.

Tufka da sulke

Bahaushe ya san waya kafin ya san lantarki. Bayan Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903, cikin abubuwan farko da suka kafa har da turakun tangaraho, kuma tun daga nan kalmar ta zauna daram a harshe: gidan waya, buga waya, har zuwa wayar hannu ta yau wadda ba ta da ko zare. Layin tangaraho na wancan zamani waya ɗaya ce tal a kan turaku, ƙasa ce ke mayar da wutar inda ta fito. Ga saƙon ƙwanƙwasa wannan ya wadatar. A Turai da Amurka kuwa, inda tsarin ya fito, an riga an ga iyakarsa shekaru kusan talatin kafin nan, lokacin da tarho ya zo a 1876 aka ɗora shi a kan irin wannan layi. Muryar mutum idan ta rikiɗe ta zama wuta ba ta da wani ƙarfi, kunne kuma ba ya yafiya. Masu tarho na farko sun riƙa jin ƙwanƙwasar tangarahon da ke maƙwabtaka da layinsu, da hirar mutanen da ba su kira ba. Da aka fara jiragen ƙasa na cikin gari masu aiki da lantarki a shekarun 1880, waɗanda su ma ta ƙasa wutarsu ke komawa, ƙarar ta kai inda ba a iya magana.

Alexander Graham Bell, wanda aka fi sani da tarhon kansa, shi ne ya yi rajistar maganin farko a 1881. Ya ce a bar dogaro da ƙasa, a yi waya biyu, ta tafiya da ta dawowa, sannan a murɗe su da juna kamar tufkar igiya. Dalilin yana da sauƙin ganewa. Duk wutar da ke gudana a waya tana shimfiɗa ƙarfin maganaɗisu kewaye da ita, ƙarfin nan kuma idan yana sauyawa sai ya haifar da 'yar wuta a duk wata da'irar waya da ke kusa. Gwargwadon faɗin filin da ke tsakanin wayoyin biyu, gwargwadon abin da za su kwasa. Idan an murɗe su, filin ya ƙuntata, kuma a kowace gaɓa wayoyin suna musayar gefe, abin da gaɓa ɗaya ta tufka sai ta gaba ta warware. Wayar intanet da ke bin bangon ofisoshi a yau har yanzu da wannan dabara take aiki.

Magani na biyu ya fi tsufa a tunani. A 1836 Michael Faraday ya gina wani akwati a Landan mai ƙafa 12 kowane gefe, ya lulluɓe shi da ƙarfe, ya sa aka cika jikinsa da caji har tartsatsi na tashi, shi kuwa ya shiga ciki da na'urorin awo bai ga ko motsi ba. Cajin a bayan ƙarfe yake tsayawa. A 1880 Oliver Heaviside, wani ɗan Ingila da ya koya wa kansa lissafi bayan ya yi aikin tangaraho, ya yi rajistar wayar da ke bin wannan ƙa'ida: zare ɗaya a tsakiya, rufi a kansa, sannan ƙarfe ya kewaye shi tun daga farko har ƙarshe. Injiniyoyi biyu na kamfanin tarho na Amurka, Lloyd Espenschied da Herman Affel, suka sabunta ta a 1929, a 1936 kuma aka fara shimfiɗa ta tsakanin manyan birane.

Wanda ya taɓa feɗe wayar nan mai kai ja da fari da ke bayan talabijin ya ga jikar wannan aiki. A ƙarƙashin robar waje akwai siraran zaruruwan jan ƙarfe, a mai kyau an saƙa su kamar tabarma, a mai araha an ɗan naɗa su kawai. Sunan da ya fi dacewa da saƙar shi ne sulke, kuma kamar na mahayan hawan Sallah, yana da abin da yake tarewa da abin da ba ya tarewa. Sulke yana tare kaifin takobi, amma nauyin kulki yana isa ga ƙashi, shi ya sa mayaƙan dā suke haɗawa da lifidi. Haka saƙar jan ƙarfe take tare cajin da ke tsallakowa daga wayar wuta da kuma igiyoyin rediyo, ta zubar da su gefe, amma ƙarfin maganaɗisu mai juyi 50 da ke fita daga taransifoma yana ratsa ta kusan kamar babu ita. Wannan sai tufka, ko kuma nisa. Yawancin kuɗin da ake ɓatawa a kan waya, rashin rarrabe waɗannan biyun ne ke jawo shi.

Gidajen rediyo da ɗakunan ɗaukar sauti sun haɗa duka biyun, suka ƙara da dabara ta uku. Wayar makirfo mai fil uku, wadda kamfanin Cannon na Los Angeles ya yaɗa a shekarun 1950, tana da zare biyu a murɗe cikin sulke. Na'urar da ke karɓa bambancin da ke tsakanin zaren biyu kawai take saurare, ƙarar da ta faɗa musu daidai wa daida sai ta share kanta. Kayan gida ba su samu wannan gata ba. Kan wayar da kamfanin RCA ya ƙirƙiro tun kafin a gama Yaƙin Duniya na Biyu, don a haɗa garmaho da rediyon da ke gefensa, an yi shi ne don araha da gajeriyar tazara. A cikinsa sulken aiki biyu yake yi, shi ne kariya, shi ne kuma hanyar dawowar sauti. Duk dattin wutar da ya bi ta sulken ya shiga cikin kiɗan ke nan. Da wannan rauni aka gina sitiriyon gida a duniya duka.

Daga akwatin En'e zuwa kuɗin Udoji

Rediyon farko da mutanen Kano suka saba da shi ta waya ya zo. Gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe tsarin rarraba rediyo a Legas a 1935, Ibadan ta samu a 1939, Kano a 1944. Tasha ɗaya ce ke da babbar na'urar kamawa, ta kamo Landan, ta ƙara wa sautin ƙarfi, ta tura shi ta wayoyin da ke bin turaku zuwa lasifikokin da aka kafa a wuraren taruwar jama'a da akwatunan da masu hali ke haya a gidajensu. Akwatin ba shi da wurin sauya tasha. Brian Larkin, a littafinsa na 2008 kan Kano mai suna Signal and Noise, ya nuna yadda wannan tsari ya yi wa hukuma daɗi, domin ita ke zaɓar abin da za a ji. Ta fuskar fasaha ma yana da hikimarsa: wahalar kamo tasha daga nesa an tattara ta wuri ɗaya a hannun ƙwararru, sautin da ke bin waya kuma ya riga ya yi ƙarfin da ƙananan ƙararraki ba za su rinjaye shi ba.

Sannan taransista ta zo ta tsinke wayar. Lokacin da Aminu Abdullahi Malumfashi ya buɗe Sashen Hausa na BBC ranar 13 ga Maris 1957, da lokacin da Rediyon Kaduna ya fara aiki a 1962, akwatin da ke yaɗuwa a ƙauyuka mai batir ne. Wannan ya ba mai sauraro wata kyauta da bai san da ita ba. Batir wutarsa miƙaƙƙiya ce, ba ta kaiwa da komowa, don haka ba ta da gurnani. Manomin Jibiya da ya rataya rediyonsa a reshe yana noma, ko makiyayin da ya saƙala ta a kafaɗa, ƙarar da ya sani ta sama ce: tsawar damina da ke fasa gajeren zango, da dusashewar murya idan rana ta faɗi. Saboda yawan tsawa a wannan yanki na duniya ne ma aka ware wa ƙasashe masu zafi zangon mita 120 da 90 da 60 don watsa shirye-shiryensu na cikin gida. Kaset, wanda kamfanin Philips ya fitar a 1963, shi ma da batir ya ratsa ƙasar Hausa, ya kai Shata da tafsirin Shehu Abubakar Gumi inda turken wuta bai taɓa zuwa ba.

Lantarki kuwa ya daɗe yana birni. Kano ta buɗe aikin ruwa da wutarta a 1931 a ƙarƙashin En'e, madatsar Kainji ta fara aiki a 1968, aka haɗa hukumomin wuta biyu aka kafa NEPA a 1972. Abin da ya haɗa wutar da sauti a falon ma'aikaci shi ne kuɗin mai. Da aka biya ariyas ɗin Udoji a farkon 1975, malamin makaranta da akawu suka shiga kanti suka fito da na'urar faifai da amfilifaya da manyan sifiku biyu, kayan Japan mafi yawa, aka jera su a kan kabet aka rufe da farin leshi. A ranar ne gurnani ya samu mazauni a gida.

Lissafin abin yana da ban tsoro. Allurar faifai wutar da take fitarwa ba ta wuce wajen 0.005 na bolt ba, ta makirfo ma haka take ko ƙasa. Wutar bango bolt 230 ce, wato ta ninka ta sau 46,000. Amfilifaya kuma ba ta san kiɗa daga datti ba, duk abin da ya iso bakinta ninkawa take yi. Saboda haka wayar da ta fi kowace buƙatar sulke ita ce wadda ke tsakanin allura ko makirfo da amfilifaya, kuma shi ya sa na'urar faifai ke zuwa da wani ƙaramin zare na daban da ake ɗaurewa a bayan amfilifaya, wanda idan aka manta da shi ɗakin ya cika da ƙugi. Wayar da ke fita zuwa sifika kuwa ta riga ta ɗauki ƙarfi, kauri take buƙata, sulke bai dame ta ba. Mai kanti da ya sayar wa mutum wayar sifika mai tsada don maganin gurnani, ya sayar masa da takalmi ne don ciwon kai.

Injiniyoyin da suka zana waɗannan kaya sun ɗauka cewa wutar bango tsayayya ce. Wadda suka tarar a nan tana zuwa rabi, tana tafiya ba sallama. Kowace dabara da aka yi don jure mata sai ta zo da tata ƙarar. Sitabilaiza taransifoma ce babba a cikin akwati, kuma wurin da aka fi ajiye ta shi ne ƙarƙashin amfilifaya ko gefenta, daidai inda maganaɗisunta zai ratsa sulke. Matsar da ita taku biyu yakan yi abin da sabuwar waya ba za ta yi ba. Doguwar fitila mai cok tana da nata zuzu, firji yana da ƙwas ɗinsa duk lokacin da ya tashi. Ƙaramin janareta mai fetur ya fi su duka: tartsatsin da ke kunna injinsa ƙaramar tashar rediyo ce da ke watsa ƙara a kowane zango, wutarsa tana hawa da sauka da numfashin injin, kuma da wuya a ga wanda aka haɗa jikinsa da ƙasa.

A watan Agustan 2001 wayar salula ta GSM ta fara aiki a Najeriya, ta zo da ƙarar da duk wanda ya yi sallar Juma'a a shekarun nan zai tuna. Liman na tsakiyar huɗuba sai lasifika ta fara tit-tirit-tirit, jama'a su san wayar wani a sahun gaba za ta yi ƙara kafin mai ita ya sani. Tsarin GSM ba ya aika saƙo a miƙe, a guntu-guntu yake harba shi, sau 217 a sakan. Doguwar wayar makirfo marar sulken kirki takan zama eriya ta kamo harbin, amfilifaya ta mayar da shi sauti. Sababbin tsare-tsaren waya sun rage wannan, sai dai an samu magada. Cajar waya mai araha, ƙwan fitila mai tsimin wuta da inbatar sola duk suna yayyanka wuta sau dubbai a sakan, kuma masu araharsu an cire musu matatar da ya kamata ta riƙe dattin. Dattijon da ke ƙorafin cewa gajeren zango ya daina kamawa a cikin gari kamar dā yana da gaskiya, kuma sau da yawa mai laifin yana rataye a silin ɗinsa. A nan sulke yana aiki sosai, haka ma ƙullutun nan da ake gani kusa da kan wasu wayoyin kwamfuta, wanda aikinsa shanye irin wannan ƙara.

Ƙafa ta uku

Filogin Ingila mai ƙafa uku an tsara shi ne a 1947, lokacin sake gina gidaje bayan yaƙi. Ƙafar sama ta fi tsawo da gangan: ita ke buɗe ƙofofin soket, ita ke fara shiga, ita ke ƙarshen fita, kuma ita ke haɗa jikin na'ura da ƙasa. A tsarin Faransa wannan ƙafa a jikin soket take, filogin rami gare shi. Na Jamus, wanda yawancin kayan gwanjon Turai ke zuwa da shi, ƙarfe biyu ne a gefe. Idan aka cusa ɗayansu a soket ɗin Najeriya, wuta za ta shiga, amma haɗin ƙasa ba zai taɓa komai ba. Akwai na'urorin da aka yi musu rufi biyu, waɗanda tun asali ba sa buƙatarsa. Wadda aka ƙera da niyyar a haɗa ta da ƙasa kuwa, jikinta sai ya zauna a rataye, ɗauke da 'yar wutar da ke yoyo daga ciki, wutar kuma ta nemi hanya ta samu sulken wayar sauti. Ladanin da makirfo ya taɓa ɗanawa a leɓe ya ɗanɗani wannan.

Ko a gidan da soket ɗinsa ya dace, ba tabbas ramin na uku yana da waya a bayansa, domin nan ne ɗan kwangila ya fi samun sauƙin tsimi, ba mai gani sai ranar tsautsayi. Inda aka kafa sandar ƙasa ma, yashin arewacin Katsina idan hunturu ya busar da shi ba ya karɓar wuta sosai, shi ya sa tsofaffin masu aikin wuta ke zuba gawayi da gishiri a ramin.

Abin da ke rikitar da mutane shi ne yawan haɗin ƙasa ma yana kawo gurnani. Idan amfilifaya tana wannan soket, dikoda tana wancan, wayar tauraron ɗan'adam kuma ta sauko daga rufi da nata haɗin, ƙasar kowannensu ba daidai take da ta ɗan'uwansa ba. Ɗan bambancin sai ya tura wuta ta zagaya ta cikin sulken da ya haɗa na'urorin, sulken RCA kuwa, kamar yadda aka gani, rabin hanyar sauti ne. A nan ƙarin kaurin saƙa ragewa kawai zai yi. Mai gyara da ke sauri yakan karya ƙafa ta uku, gurnanin ya ɗauke nan take, mai gida ya yi godiya ya biya. Wannan mugun ciniki ne, domin ranar da wayar wuta ta goge ta taɓa jikin na'urar, fis ba zai ƙone ba, wanda ya fara taɓawa shi ne zai zama hanyar ƙasa. Magani na gaskiya bai fi wannan tsada ba: a ciyar da kayan sautin duka daga soket ɗaya, a raba wayar sauti da ta wuta, inda dole su haɗu su gitta juna kada su jera, a bar naɗe rarar waya kamar gammo a bayan kabet. Idan ya ƙi, akwai ƙaramar taransifomar raba layi da ake sawa a tsakani, ko wayar haske irin wadda Toshiba ta fitar a 1983, wadda ba ta da ƙarfe ko kaɗan balle wuta ta bi.

Soket ya bambanta a gefen iyaka biyu, amma wutar da ke bayansa ta daɗe tana fitowa daga tushe ɗaya. Tun 1976 layin Birnin Kabi ke ciyar da Yamai, wani layin kuma ya tashi daga Katsina zuwa Gazawa yana ciyar da yankin Maraɗi da Damagaram. Wato gurnanin da ke sifikar mai shayi a Jibiya da wanda ke ta mai kanti a Maraɗi bugun injuna ɗaya ne. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 Najeriya ta yanke layin ta rufe iyaka, sai a watan Maris na 2024 aka buɗe. A tsakanin nan janareta da sola ne suka cike abin da suka iya cikewa a wancan gefe, kowanne da irin tasa ƙarar.

A ƙasashen da wutarsu ke tsaye an gina kasuwa guda a kan wayar sauti. Noel Lee ya kafa Monster Cable a San Francisco a 1979, bayansa kamfanoni suka yi ta fitowa da wayoyin azurfa da masu bakin zinariya, wasu mita ɗaya ta fi kuɗin babur. Kaɗan daga da'awarsu ne ke tsayawa idan aka rufe wa mai sauraro ido aka sauya masa waya bai sani ba. Matsalar kasuwar Katsina da Kano kishiyar wannan ce. Wayar da ke rataye a rumfa tana da kauri a ido, idan an feɗe sai a ga roba ce ta yi yawa, sulken zare goma ne a warwatse, wani lokacin ma ƙarfe ne ko sanholo aka shafa wa launin jan ƙarfe. Maganaɗisu yana tona asirin ta ƙarfe, nauyi a hannu yana tona ta sanholo. Tsakanin wayar bogi da wayar almubazzaranci akwai wadda ta isa: saƙa cikakkiya ta jan ƙarfe, kai mai kamawa gam, tsawo daidai buƙata.

Matasa da yawa sun riga sun fita daga wannan rigima, domin sifikar Bluetooth mai caji ta mayar da su zamanin batir, babu waya babu gurnani, sai dai idan an bar ta a jikin caja. Inda maganar ke da nauyi yanzu shi ne wurin juyar tsofaffin kaset. Shata ya rasu a 1999, kuma kaso mai yawa na abin da shi da tsararrakinsa suka rera a bukukuwa da fadoji, da karatun malaman da suka shuɗe, a kaset ɗin mutane yake, cikin kwali, zafi yana cin sa. Masu tura waƙa a kasuwa da masu kishin adanawa suna juyar da su zuwa kwamfuta, galibi a rumfar da janareta ke ruri a bayanta, da waya mai araha, kwamfutar kuma tana jikin caja. Gurnanin falo ana iya kashe shi gobe, amma wanda ya shiga juyi ya zauna, za a yi ta tura shi daga waya zuwa waya. Manhaja tana iya yanke juyi 50 daga baya, sai dai tana tafiya da wani abu na ƙasan ganga da kaurin murya, kuma 'ya'yan gurnanin da ke 100 da 150 zuwa sama suna cikin muryar mawaƙin kanta. ('Yan sandan Landan sun mayar da wannan amfani: tun 2005 suke ajiye bayanin ɗan sauyin da wutar ƙasarsu ke yi, su gwada shi da gurnanin da ke cikin sautin da aka kawo shaida, su gano lokacin da aka ɗauke shi.) Tsohon kaset kuma ba ya jure yawan juyi. Wanda zai yi aikin ya sa rikoda a batir, ya zare cajar kwamfuta, ya kashe janareta da fitilun ɗakin, ya ajiye wayar hannu a waje, ya haɗa na'urorin da gajeriyar waya mai cikakken sulke, sannan ya saurari shirun da ke farkon zaren da abin kunne kafin ya danna ɗauka.